Mai Gurmi A Kasuwar Kwadon: Wa Ya Ce Sai Da Lasin?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Gombe ta nufi Dadin Kowa, ta zarce Biu, ya san Kwadon ko da bai taɓa sauka a mota ba. Gari ne da ke gabas da Gombe da 'yan kilomitoci kaɗan, a cikin ƙaramar hukumar Yamaltu da Deba, kuma da kayan lambu ya yi suna, watau tumatir da tattasai da attarugu da albasa, irin kayan nan da manyan motoci ke kwasa daga Arewa suna kwana bisa hanya don su wayi gari a Mil 12 ta Ikko ko Shasha ta Badun. 'Yan'uwa mazauna Kurmi da ke sauke kwandunan nan ba su bukatar a kwatanta musu irin wannan kasuwa. Sun san hayaniyar dillalai, sun san ƙurar da ke tashi idan rana ta take, sun kuma san cewa a irin wannan wuri ba a rasa wani bawan Allah da ya raɓa a inuwa da gurminsa ko kukumarsa, ko mai kalangu da ya ja ya tsaya kusa da rumfar mahauta, yana yabon wanda ya cancanci yabo, ana miƙa masa abin da ya sawwaƙa.

To, a ƙaddara wata rana ga ma'aikaci ya ɓullo da ɗan littafin rasit a hannu, ya tsaya a kan mai gurmin nan ya ce ya nuna takardar iznin yin kiɗa a bainar jama'a, in kuwa babu, ya biya tara ko a karɓe gurmin. Shin ma'aikacin yana kan gaskiya? In kuma an zurfafa, shin ya dace ma a ƙago irin wannan takarda? Tambayar tana kama da ƙarama, amma ba ta mutuwa a garuruwan Arewa. Duk sa'ad da aka yi rigima a gidan biki, ko amsa-kuwwa ta hana unguwa barci, sai an sami wanda zai miƙe ya ce maganin abin shi ne a yi wa makaɗa rajista, kada wanda ya taɓa ganga sai da lasin. Amsar tambayoyin nan biyu guda ce: a'a. Kuma dalilan ba na son zuciya ba ne.

Da farko a duba abin da ke rubuce. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya jera manyan ayyukan ƙaramar hukuma dalla-dalla. Ya ba ta ikon yanka lasin keke da amalanke da baro da kwalekwale. Ya danƙa mata kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu. Ya ce ita ke sa wa tituna suna, ita ke rajistar haihuwa da mutuwa da aure, ita ke sa ido kan allunan talla da kantuna da gidajen abinci da na burodi da masu wanki, har da lasin sayar da giya. Waɗanda suka tsara wannan jeri ba su manta da baro ba, ba su manta da dabbobin da ake ajiyewa a gida ba, amma ba su sa makaɗi ko mawaƙi a ciki ba. Haka nan dokar soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta tantance harajin da kowane hawa na gwamnati zai karɓa, abin da ta ware wa ƙaramar hukuma ta wannan fuska shi ne kuɗin shagali da na tare hanya. Ma'anar wannan a bayyane take. Mai bikin da ya kafa rumfa ya toshe titi shi ne zai biya, domin ya ari abin da ke na kowa ya mai da shi nasa na yini guda. Mai gurmin da ya zauna a gindin bishiya bai toshe wa kowa hanya ba.

Gaskiya ne Majalisar Dokokin Jiha tana iya ƙara wa ƙananan hukumomi aiki, kansiloli kuma suna iya kafa ƙananan dokoki. Amma akwai katanga biyu da ba su da ikon tsallakewa. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce ba a hukunta mutum kan laifi sai laifin da hukuncinsa suna cikin rubutacciyar doka. Saboda haka duk ma'aikacin da ya ce kiɗa ba izni laifi ne, nauyi a kansa yake ya faɗi sunan dokar, da shekarar da aka kafa ta, da adadin tarar da ta yanka. "Oga ne ya ce" ba doka ba ce. Katanga ta biyu ita ce sashe na 39 da na 40, waɗanda suka tabbatar wa kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da na taruwa da jama'a cikin lumana. Waƙa kuwa magana ce, sai dai an sa mata kiɗa.

An riga ma an gwada wannan a gaban alƙalai, kuma tushen shari'ar daga Kano yake. Ran 22 ga Satumba 2003 'yan sanda suka tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, bisa hujjar cewa ba a karɓi izni ba kamar yadda dokar taruka ta 1979 ta tanada. Jam'iyyu suka kai ƙara, lauya Femi Falana ya tsaya musu. Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Sufeto Janar na 'yan sanda ya ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Disamba 2007, ta bakin Mai Shari'a Olufunlola Adekeye: tilasta wa 'yan ƙasa neman izni kafin su taru ya saɓa wa Tsarin Mulki. To, in dubban mutane masu tutoci da amsa-kuwwa ba su bukatar takardar kowa kafin su cika fili, da wane lissafi za a ce mutum guda mai ƙoƙo da tsirkiya biyu yana bukatarta kafin mutum goma su kewaye shi?

Wannan ke nan ta fuskar doka. Ta fuskar tarihi kuwa, ƙasar Hausa ta ɗanɗana lasin baki, ta san ɗacinsa.

Kada a ɗauka cewa a da kiɗa sakaka yake. Yana da ƙa'idoji, masu tsanani ma. Tambari da kakaki na sarauta ne, talaka komai dukiyarsa ba ya sa a busa masa kakaki. Akwai Sarkin Makaɗa, akwai Sarkin Maroƙa, su ke tsawatar wa 'yan sana'arsu. Masani M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a wajejen 1949 da 1950, ya kuma wallafa nazarinsa kan roƙo a 1957, ya bayyana yadda maroƙi mai yawo yakan bi gari gari, da yadda yabonsa kan rikiɗe ya koma zambo idan wanda aka yaba ya maƙe hannu. Baƙon makaɗi ya san ladabin shiga gari, yakan fara kai gaisuwa ƙofar mai gari kafin ya ɗaga murya. Amma gaisuwa daban, lasin daban. Gaisuwa tsakanin mutum da mutum ce, ba ta da kwanan ƙarewa, ba a kuma ɗaure wanda ya yi ta a makare.

Lasin na takarda ya zo ne da zamanin En'e. A shekarun 1950, sa'ad da siyasar jam'iyyu ta kankama, En'e ce ke ba da iznin lacca da taro da gangami, ita ke da 'yan doka, ita ke da alƙalai, ita ke da gidan yari. En'e-En'e da dama sun kafa dokokin taƙaita roƙo da kiɗa, da sunan kare mutane daga maroƙa masu cin mutunci. Dalilin ba laifi. Amma dattawan da suka ga zamanin sun san inda sandar ta riƙa sauka. Wanda ya wasa mahukunta, kiɗansa al'ada ce. Wanda ya rera waƙar NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, nasa kiɗan tayar da fitina ne. Magoya bayan jam'iyyun hamayya da yawa sun kwana a gidan yari saboda lacca ba izni ko waƙar da aka ce zagi ce. A ƙarshen shekarun 1960 aka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari, a 1976 kuma aka yi gyaran da ya haifi ƙananan hukumomin yanzu. An binne En'e, amma ba a binne ɗabi'ar ba.

Shaida kuwa ita ce Kano. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko. Fim aka ambata, amma sannu a hankali hannunta ya kai ga marubuta da mawaƙa, aka ce kowa ya zo ya yi rajista, kuma kada a saki waƙa sai ta bi ta teburin hukuma. A watan Satumba 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar hukumar, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Adam A. Zango wata uku a gidan yari kan kundin waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A 2009 wata kotu ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya a tashi guda, a shekarar kuma aka kama Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Ala, kan waƙar Hasbunallahu, alhali duk Kano ta shaide shi da waƙoƙin ilmi da gyaran hali. Mulki ya juya, kujera ta sake mai zama, amma makamin yana nan inda aka rataye shi. A 2017, zamanin Abdullahi Umar Ganduje, aka gurfanar da Sadiq Zazzaɓi, mawaƙin Kwankwasiyya, bisa zargin sakin waƙa ba tare da iznin hukuma ba. A watan Satumba 2019 aka kama Naziru M. Ahmad, wanda Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Sarkin Waƙa, bisa irin wannan zargi, a daidai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin fada da gidan gwamnati. A 2023 sabuwar gwamnati ta hau, sabon shugaban hukumar, Abba El-Mustapha, ya soke lasin 'yan masana'antar baki ɗaya, ya ce kowa ya sake sabo.

Mai karatu ya lura da abu biyu a cikin wannan jeri. Na ɗaya, babu jam'iyyar da za ta wanke hannunta. Wanda ya ƙera makamin, a kan mawaƙinsa aka zare shi bayan shekara goma sha shida. Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan maganar, a yawancin shari'un nan tuhumar da ke gaba ita ce rashin izni. Da zagi ake tuhuma, da sai mai ƙara ya zo kotu ya nuna kalmar da ta ɓata masa suna, a yi gardama a kanta a gaban jama'a, mawaƙi ya kare kansa. Rashin izni kuwa ba ya bukatar wannan wahala. Ina takarda? Babu. Shi ke nan, a wuce da shi. Amfanin lasin ga mai mulki ke nan: yana ba shi damar hukunta waƙa ba tare da ya taɓa ambaton abin da waƙar ta ce ba. Idan ana neman dalilin kama kare, ba a rasa cewa ya yi haushi ba a kan lokaci ba.

Waɗannan fa mawaƙa ne masu suna, masu motoci, masu lauyoyi, waɗanda in an taɓa su gidajen rediyo za su ɗauka. In haka ta faru da su, ina ga mai gurmin Kwadon? Wa zai yi belinsa? Wace jarida za ta buga hotonsa?

A kuma dubi yadda sana'ar take tafiya. Makaɗin kasuwa ba shi da kanti, kasuwa yake bi. Yau yana Kwadon cikin Yamaltu da Deba, gobe yana Kumo cikin Akko, jibi Malam Sidi cikin Kwami, gata Bajoga cikin Funakaye, daga nan ya faɗa Dukku. Kasuwa biyar, ƙaramar hukuma biyar. Jihar Gombe, wadda aka cire daga Bauchi ran 1 ga Oktoba 1996, tana da ƙananan hukumomi 11, Kano tana da 44, ƙasar baki ɗaya 774. In kowace ta ce sai da takardarta, jakar takardun makaɗi za ta fi gurminsa nauyi, abin da zai kashe wajen hoto da fam da zirga-zirgar sakatariya kuwa ya fi abin da zai samu a wata. Mutumin da galibi bai yi boko ba, ana so ya cika fam da Turanci don a yarda masa ya yi waƙa da Hausa! Kowa ya san ƙarshen irin wannan doka. Ba za a yanki lasin ba, ba kuma za a daina kiɗa ba. Abin da zai faru shi ne a duk ranar kasuwa makaɗi zai riƙa cusa wani abu a tafin hannun mai rasit, kuɗin da ba zai taɓa ganin baitulmali ba.

Ana kuma mantawa da cewa manyan da ake alfahari da su yau daga ƙurar nan suka taso. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, a dandali da kasuwannin ƙauye ya fara, kuma ba da son mahaifinsa ba. Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa tun kafin manya su san da shi, ya zagaya duniya da kuntigin nan kafin rasuwarsa a 2015. Barmani Choge da ƙwaryarta a cikin taron mata ta yi suna. Babu ɗayansu da kwamiti ya tantance kafin jama'a su tantance shi. Gwamnatoci kuwa, duk sa'ad da suke son saƙo ya kai ƙauye, ko na komawa tuƙi a hannun dama a 1972, ko na canjin kuɗi zuwa naira a 1973, ko na allurar rigakafi, ƙofar makaɗa suke bugawa. In ana bukatarsa, shi ne mai wayar da kan jama'a. In an gama, ya koma mai damun jama'a. Jihar Katsina ma, mahaifar Shata, bai cika shekara biyu a kabari ba aka taƙaita kiɗa da roƙo a cikinta bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, har sai da hukumar Shari'a ta jihar da kanta ta sassauta a 2001, ta yarda a yi kiɗa a bukukuwa bisa ƙa'ida.

Masu neman lasin suna da ƙorafi, kuma rashin adalci ne a ce duk ƙorafin banza ne. Akwai maroƙin da ya mai da harshensa wuƙa, wanda in ba a ba shi ba sai ya tona asirin gida a tsakiyar kasuwa. Akwai masu kiɗan na'ura da ke jera akwatunan sauti kamar ɗaki, su kwana suna girgiza bango, mara lafiya da jariri da mai jarrabawa duk ba su runtsa ba. Akwai bikin da ake farawa da rawa a ƙare da sara. Mutanen Gombe ba su bukatar a ba su labarin 'yan Kalare. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kowanne daga cikinsu yana da dokarsa tun tuni. Ɓata suna da cin mutunci da tayar da hankalin jama'a laifuffuka ne a Final Kod tun 1960. Ƙara mai cutarwa tana da ƙa'idojin da hukumar muhalli ta tarayya, NESREA, ta kafa a 2009, waɗanda suka bambanta dare da rana, suka bambanta unguwar zama da wurin kasuwanci. Ɗaukar makami kuwa ba sai an faɗa ba. Game da Kalare ma, rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2007 ya nuna cewa 'yan siyasa ne suka yi renonsu don zaɓe, ba masu kalangu ba. In an kasa kama mai adda, kama mai gurmi ba zai mayar da addar kube ba.

Lasin ba ya rage ƙara ko kaɗan. Mai akwatunan sauti, da yake shi ke da kuɗi, shi zai fara yankar takarda, ya manna ta a jikin akwati, daga ranar kuwa in maƙwabci ya yi magana sai a nuna masa hatimin hukuma. Wanda dokar za ta kama shi ne mai kukumar da in an yi taku ashirin ba a jin sautinsa.

Akwai kuma masu cewa kiɗan kansa ne bai halatta ba. Wannan magana ce ta malamai, sun daɗe suna tattauna ta tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma mumbari da makaranta su ne muhallinta. Amma ko mai wannan ra'ayi bai kamata ya goyi bayan lasin ba, domin lasin ba hani ba ne, ciniki ne. In abu ba shi da kyau, rasit ɗin ƙaramar hukuma ba zai gyara shi ba. In kuwa ba shi da aibi, don me za a sayar wa mutum abin da dama nasa ne?

Turawan da aka gaji al'adar takarda daga wurinsu sun sha wannan gardama tun kafin a san za a yi Nijeriya. A Landan, wajen tsakiyar ƙarni na 19, masu kiɗan titi sun cika gari, da yawansu baƙi ne 'yan ci-rani daga Italiya. Masanin lissafi Charles Babbage ya yi ta kai ƙararsu, marubuci Charles Dickens ya sa hannu a takardar koke, har ɗan majalisa Michael Bass ya kai ƙuduri aka kafa doka a 1864. Abin lura shi ne ko wannan doka, da aka kafa cikin fushi, ba ta ce sai da lasin ba. Cewa ta yi mai gida yana da ikon sallamar makaɗi daga ƙofarsa in akwai mara lafiya ko ana hana shi aiki, sai wanda ya ƙi tafiya ne ake ci tara. A birnin Niyok na Amurka, Magajin Gari La Guardia ya hana kiɗan titi daga 1936, aka zauna a haka har 1970 kafin a janye hanin. Tsarin da suka koma kansa shi ne mai kiɗa da hannunsa da muryarsa ba ya bukatar izni a gefen titi, sai in zai sa amsa-kuwwa ne zai nemi takarda. Na'urar ake yi wa izni. A wasu unguwannin Landan an dawo da lasin a 'yan shekarun nan, kamar Westminster a 2021, makaɗa kuma ba su daina kuka da shi ba.

Ba don sha'awar labarin Turai aka kawo wannan ba. An kawo shi ne saboda kalma guda: baƙi. A Landan baƙi aka fara nuna wa yatsa, a Niyok ma haka. Wannan kuwa ya shafi mazauna Agege da Obalende da Idi Araba, da Sabon Badun da aka kafa tun 1916, da Shagamu da Anacha da Inugu da Fatakwal kai tsaye. Babu wanda ya san ma'anar takarda kamar ɗan Arewa a Kurmi. Ya san rasit ɗin safe da na yamma, ya san na ƙaramar hukuma da na ƙungiya da na waɗanda ba su da ko ofis. Ya ga yadda Gwamnatin Jihar Legas ta tsaurara dokar hana talla a titi a 2016, da tarar naira 90,000 ko wata shida a gidan yari. Ya ga hanin acaɓa na 2020 da na 2022, ya kuma san 'ya'yan wa suka fi asarar babura. Makaɗin da ke sauka a zango lokacin bikin aure ko suna ko wasan dambe, wanda sautin kalangunsa ke mai da ɗan ci-rani gida na sa'a guda ba tare da ya biya kuɗin mota ba, shi ma baƙo ne. Ranar da ƙananan hukumomin Arewa suka halatta lasin kiɗa a kan 'ya'yansu, sun miƙa wa kowace hukuma a Kudu hujja a faranti. Da wane baki Sarkin Hausawan wani gari zai je ya yi roƙo a saki mai kalangu, in za a ce masa a garinku ma haka ake yi?

Ikko kanta ta nuna cewa ana iya yaƙi da ƙara ba tare da an tambayi mai ƙarar sana'arsa ba. A 2016 hukumar muhalli ta jihar ta rufe coci-coci da masallatai da otal-otal da dama saboda amsa-kuwwa. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, ma'aunin guda ne ga kowa: ƙarar ta kai nawa, da wane lokaci, kusa da gidan wa.

Irin wannan ma'auni ne ya kamata kansilolin Yamaltu da Deba, da na Gombe, da na kowace ƙaramar hukuma, su riƙe in har maganar ta zo gabansu. Su yanke lokacin da za a kashe akwatunan sauti da dare, su rubuta shi da Hausa, a karanta a rediyo. Su hana amsa-kuwwa kusa da asibiti da makaranta da wurin ibada. Mai bikin da zai tare titi ya biya, a ba shi rasit na gaskiya mai lamba. Maroƙin da ya ci mutuncin wani, wanda aka ci wa mutuncin ya kai shi gaban alƙali, a maimaita kalmar a fili, a yi hukunci a kanta. Sarkin Kasuwa da Sarkin Makaɗa kuma a bar musu abin da suka iya tun kaka da kakanni, watau su ce wa wane ya matsa can, ya rage murya, lokacin salla ya yi. Duk wannan ba ya bukatar fam ko hoto ko hatimi.

Shi kuwa mai gurmi, in mai rasit ya tsaya a kansa ran kasuwa, ba sai ya gudu ba, ba kuma sai ya yi faɗa ba. Ya tambaye shi sunan dokar da shekararta, ya nemi a nuna masa adadin kuɗin a rubuce, ya kuma kira Sarkin Kasuwa da dillalai biyu su tsaya shaida kafin ya sa hannu a aljihu.